Amsar Tambaya: Ta Yaya Ruwan Rafi Ke Nuna Halittun da Ke Cikinsa?

Kifi, kwaɗo, kaguwa, har tsuntsun da ya sauka shan ruwa, duk suna barin ɓurɓushin ƙwayoyin gadonsu, wato DNA, ta kashi da yauƙin jiki da saɓar fata. Da wannan manomin rani a Kurudu, ko maƙwabcinsa na Jikwoyi da Orozo, zai iya sanin abin da ke rayuwa a rafin gonarsa ba tare da jefa koma ba.

Ana ɗibar ruwa a kwalba mai tsabta, a tace, a kai matacin ɗakin gwaji. A can ake ninka DNA ɗin, a kwatanta shi da kundin halittun da aka riga aka sani. Ta haka masu bincike suka gano wani kwaɗon Amurka a kududdufan Faransa a 2008, daga baya kuma aka gano tsutsar tsargiya a ruwan Kenya, abin da ya shafi duk mai shiga fadama.

Gwajin ba ya ƙirga kifi ɗaya-ɗaya. Zafi da hasken rana suna lalata DNA cikin kwanaki ko makonni, ruwa mai gudu yana kawo na nesa, ga kuma halittun Afirka da dama ba su shiga kundin ba. Shi ya sa ake ɗiba a wurare daban-daban, damina da rani, a ajiye matacin cikin sanyi.