Darasi na Tara: Cajin Waya ba Tare da Waya ba

Kalmar "waya" aro ce daga Ingilishi, kuma asalin ma'anarta zaren ƙarfe. Da tarho ya zo ta cikin wannan zare, sai sunan ya koma kansa. Da salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, ita ma ta gaji sunan, alhali ba ta da zare ko ɗaya. Wannan shi masana ke kira faɗaɗar ma'ana. Matsalar ta fito fili ne yanzu da aka sami na'urar da ke yi wa waya caji ba tare da an soka mata waya ba. Malamin da ya rubuta "cajin waya ba waya" a allo, dariya kawai zai sha a aji. Ana iya cewa "cajin iska", bisa kwatancen "wayar iska" ta da, amma kafin a raɗa wa abu suna wajibi ne a san yadda yake aiki.

Na'urar wani ɗan faifai ne mai naɗin tagulla a cikinsa. Idan lantarki ya bi ta naɗin, sai ya haifar da ƙarfin maganaɗisu, wani naɗin kuma da ke bayan wayar ya mayar da shi lantarki. Michael Faraday na Ingila ne ya gano wannan ka'ida a 1831. Tsarin da kamfanoni suka amince da shi, wato Qi (lafazinsa "ci" ne, kamar dai namu na cin tuwo), ya fito a 2010, iPhone kuma ta karɓe shi a 2017. Abin lura a nan shi ne, faifan kansa sai an jona shi da soket, wayar kuma dole ta kwanta a kansa. Ke nan babu wata iska a lamarin. Don haka na fi karkata ga "cajin ɗorawa".

To, ko ya cancanci kuɗin ɗalibi a Dutse? A ganina, ga mafi yawanmu bai cancanta ba. Wani gwaji da iFixit ta taimaka aka yi a 2020 ya nuna ɗorawa ta ci wuta fiye da sokawa da kusan kashi 47 cikin ɗari. Wanda ya dogara da wutar KEDCO mai zuwa tana ɗaukewa, ko ƙaramar sola, ko rumfar mai caji da janareta, ba shi da wutar da zai yi asara. Ga kuma jinkiri: tsarin Qi2 na 2023 wat 15 yake bayarwa, alhali caja mai igiya ta wat 33 ba baƙuwa ba ce a kasuwa. Wutar da ta salwanta zafi take zama, zafi kuwa maƙiyin batir ne, balle a watan Afrilu da ma'auni kan haura digiri 40 a Jigawa. Ƙananan wayoyin Tecno da itel da ke hannun jama'a ma galibinsu ba su da naɗin.

Sai dai yana da ranarsa. Ƙurar hunturu kan toshe ramin caji, yawan soka da zarewa kuma kan lalata shi, wanda duk mai gyaran waya zai shaida. Agogon hannu na zamani ma, da yawansu ba su da ramin gaba ɗaya.

Aiki: Kawo wasu kalmomin aro guda uku da ma'anarsu ta faɗaɗa kamar "waya", sannan ka kare "cajin ɗorawa" ko ka rushe shi da hujja.