Ɗiyata, kafin ki sa farar riga

Ɗiyata, na ji an ɗauke ki horon binciken lafiya a cibiyar BioRTC ta Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu. Allah ya sanya albarka. Dakta Mahmoud Bukar Maina, masanin ƙwaƙwalwa, shi ya assasa ta a 2021, don yaranmu su sami a gida abin da a da sai an tsallaka teku. Tsaranki da yawa sun gama digiri da sunayen ƙwayoyin cuta fal a ka, amma hannunsu bai taɓa na'urar PCR ta gano ƙwayoyin cuta ba.

To, ki saurara. Manyan na'urori za su ɗauke miki ido, amma littafin aikinki ya fi su bukatar kulawa. Ki rubuta kwanan wata, da abin da kika zuba, da yawansa, tun safar hannu na hannunki, kada ki ce sai yamma. Kowace 'yar kwalba ki sa mata suna da alƙalamin da ba ya gogewa, domin in ta kwana a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, raɓa ta daskare a jikinta, ba ki isa ki bambanta ta da 'yan uwanta ba.

Akwai kwalbar da ake zuba wa ruwa zalla a madadin samfurin majinyaci. In ita ma ta nuna cuta, aikin ya gurɓata, sai a zubar a sake. A nan zuciya za ta raya miki ki kau da kai, tunda sinadaran da tsada, ga malami na jira. Kada ki yarda. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle a fagen da wani zai maimaita gwajinki a Accra ko Nairobi. Gwajin da ya ƙi ma ki rubuta shi yadda ya ƙi.

Ki girmama ma'aikacin ɗakin gwaji ko da ba shi da digirinki. Shi ya san halin kowace na'ura, da abin yi in an ɗauke wuta.

Mutanen Gashuwa sun daɗe suna binne 'yan uwansu saboda ciwon ƙoda. In wata rana aka miƙo miki jinin ɗayansu, amana ya ba ki. Ki rufe sunansa, kada ki yi almubazzaranci da ko ɗigo guda. Allah ya yi miki jagora.