CIWON ƁAWON FATA DA YADDA AKE KULA DA MAI SHI

Akwai wani ciwo wanda yake sa fatar mutum ta bushe, ta yi kaushi, ta riƙa yin ɓawo kamar jikin kifi. Likitoci suna kiransa iktiyosis, daga kalmar Girkanci mai ma'anar kifi. Ire-irensa sun fi 20. Wanda ya fi yawa yakan sami kimanin mutum 1 cikin 250, yakan kuma bayyana tun ana ƙuruciya, galibi a ƙwauri da hannuwa da baya.

Abin Da Ke Kawo Shi

Yawanci gadonsa ake yi daga iyaye. Fatar lafiyayyen mutum kullum tana zubar da tsohon ɓawonta ba tare da an lura ba, amma ta mai wannan ciwo sai ɓawon ya taru ya yi kauri. A 2006 masana suka gano cewa irin da ya fi yawa yana faruwa ne saboda ƙarancin wani sinadari, filagirin, wanda ke taimakon fata ta riƙe danshi.

Ya kamata jama'a su sani ba kuturta ba ce, ba ƙazuwa ba ce, ba kuma ƙazanta ke kawo shi ba. Ba a ɗaukarsa ta wurin gaisawa ko cin abinci tare. Saboda haka babu dalilin hana yaro makaranta ko ware masa ƙwarya. Babu maganin da ke raba mutum da shi ɗungum, amma kulawa ta kullum tana rage shi ƙwarai.

Aikin Kullum

1. A jiƙa jiki da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafi ba, har ɓawon ya yi laushi. A rage sabulu, gama yana ƙara busar da fata.

2. A goge ɓawon a hankali da tsumma ko soso mai laushi. Kada a ɓamɓare shi da farce ko reza, don kada a buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

3. A tsane jiki, sa'an nan a shafa mai nan da nan tun fata tana da danshi. Basilin da man kaɗanya suna da amfani. A shafa aƙalla sau 2 a rana, a ƙara lokacin hunturu.

4. Inda ɓawo ya yi kauri, likita yakan ba da man shafawa mai yuriya, misali kashi 10 cikin 100, ko mai sinadarin laktik. Waɗannan suna sassauta ɓawo, amma sukan yi raɗaɗi inda fata ta tsage.

Gargaɗi

Kada a shafa wa jariri mai da ke ɗauke da sinadarin salisilik, domin yana ratsa fata ya shiga jini ya zama guba. Mai yuriya ma sai da izinin likita idan yaro bai cika shekara 1 ba. Man bilicin ba ya maganin wannan ciwo, illa ya ƙara ɓata fata.

Tufafin da suka sha basilin suna saurin kama wuta, don haka a nisanci murhu da fitila. Haka kuma ɓawo yakan hana gumi fita, sai zafi ya galabaitar da mai ciwon. A ba shi inuwa da ruwan sha isasshe.

A garzaya asibiti idan an haifi jariri da wata fata mai sheƙi ta ɗaure masa jiki, ko tsaguwa ta yi ruwa, ko ɓawo ya toshe kunne. Babban mutum da ciwon ya same shi farat ɗaya shi ma ya je a duba shi, gama yakan zama alamar wata cuta a cikin jiki.

Aikin yana bukatar haƙuri, gama in an daina ɓawon zai dawo. Amma yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.