Sanyin Daɓen Siminti a Lokacin Hunturu: Dalilinsa da Maganinsa

Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a shekarar 1968, ruwa ya mamaye garuruwa da tsibirai masu yawa, aka tayar da mutane kimanin 44,000, cikinsu har da Gungawa da Kambari na ƙasar Yauri. Gidajen da aka mayar da su na bulo da siminti ne, alhali da ginin ƙasa suka saba. A yau kuwa, daga Wara ta Ngaski har Yelwa da Shanga, kusan duk wanda ya sami hali daɓen siminti yake yi, domin yana da sauƙin shara kuma yana daɗewa. Sai hunturu ya kama, cikin Disamba da Janairu, sannan a ga aibinsa.

Bari mu fara da ɗan gwaji wanda kowane malami zai iya yi a aji. A aza ma'aunin zafi a kan siminti, a aza wani a kan tabarmar da ta kwana a ɗakin. Bayan minti goma za a ga awon nan biyu kusan ɗaya ne. To, me ya sa tafin ƙafa ke cewa siminti ya fi sanyi?

Amsar tana jikinmu. Zafin cikin jikin ɗan Adam kimanin digiri 37 ne a ma'aunin Salsiyas, kuma zafi kullum daga abu mai ɗumi yake gudu zuwa maras ɗumi. Jijiyoyin da ke cikin fata ba awon daɓe suke yi ba. Abin da suke kai wa ƙwaƙwalwa shi ne labarin yadda ita kanta fatar ke hucewa. Siminti yana janye zafi fiye da katako wajen sau goma, fiye da iskar da ke tsaye wuri ɗaya wajen sau hamsin. Wato ba sanyi ne ke shiga ƙafa ba, ɗumi ne ke fita. Babba zai iya jurewa, amma jariri, wanda fatarsa ke da faɗi in an gwada da nauyinsa, yana rasa ɗumi da sauri ƙwarai. Haka ma tsofaffi. Saboda haka kada a kwantar da jariri a kan siminti da zane ɗaya tak.

Magani shi ne a sa abin da ke riƙe iska tsakanin jiki da daɓe. Tabarmar kaba tana yi, amma biyu sun fi ɗaya, musamman in an shimfiɗa kwali ko buhun algarara a ƙarƙashi. Ledar ɗaki da mutane ke sha'awa, a ganina, ado ce kawai, don ba ta da kaurin da zai tare komai. Gadon kara ko na katako ya fi duka.

Ga mazauna bakin tafki akwai ƙarin matsala, wato danshi. Ruwa yana ɗaukar zafi fiye da iska sau ashirin da wani abu, kuma siminti yana tsotso shi daga ƙasa. A manna leda a daɓe, a liƙe gefunanta, a bar ta kwana biyu. In an ga raɓa ko duhu a ƙarƙashinta, akwai danshi. Irin wannan ɗaki sai a riƙa fitar da shimfiɗunsa rana, in ba haka ba su yi fumfuna, wadda ke tayar da asma. Mai sabon gini kuwa ya ɗaga harsashi, ya shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare. A kuma daina wanke daɓe da yamma, domin ruwa in zai bushe da zafin daɓen yake tafiya. Inda rana ke shiga ɗaki, a buɗe mata ta dafa simintin, a rufe tagogi da la'asar.

Kakanninmu sun san gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, mutanen Koriya ma sun daɗe suna bi da hayaƙin murhu ta ƙarƙashin daɓe ya fita waje. Amma ɗakin ƙasa mai jinka yana da kafofin da iska ke shiga. Ɗakin bulo mai ƙofar ƙarfe ba haka yake ba. In an kwana da kaskon gawayi a irinsa, iskar kabon monoksaid ce ke taruwa. Ba ta da wari ko launi, kuma tana kama sinadarin himogulobin na jini fiye da iskar oksijin wajen sau 200. Ciwon kai da jiri ne alamunta na farko, mai barci kuwa ba ya jin su. Kada a shigar da garwashi ɗakin kwana. Idan an tarar da wani ya galabaita kusa da kasko, a fitar da shi sarari nan take, a garzaya da shi asibiti.