Karatun Jami'a Ta Intanet: Dokokin Kwas Ɗin Rubutu Da Ya Kamata Ɗalibi Ya Sani Tun Ranar Farko

Matasa da yawa yanzu suna karatun digiri daga ɗakinsu, a jami'o'in Amurka da ke koyarwa ta intanet, irin su University of the People da aka kafa a 2009. A yawancin jami'o'in ƙasar, cikin kwasa-kwasan farko da ake wajabta wa sabon ɗalibi akwai na koyon rubutun muƙala da Turanci, wanda aka fi sani da English Composition. Sabon shiga yakan ɗauka raunin Turanci ne kawai zai kayar da shi. Amma akwai hanyoyin asarar maki da ba su da alaƙa da nahawu: makara wajen miƙa aiki, tura fayil ɗin da ba ya buɗewa, ƙin shiga tattaunawa, da kwafo rubutun wani. Duk waɗannan an rubuta hukuncinsu a takarda ɗaya da ake ba ɗalibi a ranar farko.

Silabas: yarjejeniya tsakanin malami da ɗalibi

Silabas ita ce takardar da ke bayyana abin da za a karanta, ranakun miƙa jinga, yadda aka raba maki, da hukuncin wanda ya saɓa. Ana samun ta a dandalin karatun makarantar, ko Moodle ne, ko Canvas, ko Blackboard. Idan saɓani ya taso, ita za a buɗe a duba, kuma "ban sani ba" ba ta zama uzuri.

Abin da ya dace shi ne ɗalibi ya sauke ta a wayarsa, ya karanta daga farko zuwa ƙarshe, sannan ya shigar da kowace ranar miƙa aiki cikin Google Calendar tare da ƙararrawar tuni. Ya kuma nemo ranar ƙarshe ta janyewa daga kwas. Wanda ya janye a cikin wa'adi yakan samu harafin W a takardar sakamakonsa, wanda ba ya taɓa matsakaicin makinsa. Wanda kuwa ya ɓace kawai ba tare da sanarwa ba, F yake jiransa.

Lokacin da kwas ɗin ke ci

A tsarin Amurka, kiredit ɗaya yana nufin awa ɗaya ta darasi da aƙalla awa biyu na nazari a kowane mako, na tsawon kusan mako 15. Kwas ɗin rubutu yakan zama mai kiredit 3, ke nan awa 9 a mako, jimilla awa 135. Makarantun intanet da dama suna matse wannan aikin cikin mako 8, sai ya koma kusan awa 17 a mako. Mai sana'a ko aikin ofis ya yi wannan lissafin kafin ya ɗauki kwas biyu ko uku a zango guda.

Agogon wa ake bi?

Nan ne ɗaliban ƙasashenmu suka fi tuntuɓe. Wa'adin miƙa aiki yakan kasance ƙarfe 11:59 na dare, amma da agogon makarantar. Idan makarantar tana bin lokacin gabashin Amurka, irin na birnin New York, wannan ya yi daidai da ƙarfe 5:59 na asuba a Kano ko Maraɗi. Sai dai daga Lahadi ta biyu ta watan Maris zuwa Lahadi ta farko ta Nuwamba, Amurkawa suna tura agogonsu gaba da awa ɗaya, sai wa'adin ya dawo ƙarfe 4:59. Wanda ya saba tura aikinsa bayan sallar asuba zai wayi gari wata rana ya tarar an rufe. Ɗalibin da ke Kumasi ko Akara kuma ya rage awa ɗaya a kan waɗannan, domin Ghana tana bayan Najeriya da Nijar da awa guda.

Maganin abin shi ne ƙara agogon birnin makarantar a manhajar agogo ta waya, da kuma gyara yankin lokaci a saitin dandalin karatu idan yana ba da dama. Hukuncin makara ya bambanta: wani malamin yana rage kashi 10 cikin 100 a kowace rana, wani ba ya karɓa sam. Ɗauke wuta ko ƙarewar data ba kasafai ake karɓar su a matsayin uzuri ba, don haka mai dabara yakan miƙa aikinsa kwana ɗaya kafin wa'adi.

Halartar aji ba buɗe shafi ba ne

Tunda babu kiran suna, ana auna halarta ne da abin da ɗalibi ya aikata. Kowane mako malami yana ajiye tambaya a zauren tattaunawa. Ɗalibi zai rubuta amsarsa a tsakiyar mako, sannan ya mayar da martani ga abokan aji biyu ko uku kafin mako ya ƙare. Martani irin na "na yarda, ka yi ƙoƙari" ba ya samun maki. Ana so ne a ɗauko wata magana daga rubutun abokin, a ƙara mata hujja, ko a yi tambayar da za ta sa ya sake tunani.

A ɗauka silabas ta ware wa tattaunawa kashi 20 cikin 100. Wanda ya yi watsi da ita, ko da ya cinye sauran makin duka, ba zai wuce 80 ba. Makarantu da yawa kuma suna neman aƙalla C a wannan kwas kafin a wuce zuwa na gaba.

Tsarin rubutu da nau'in fayil

Muƙala tana bi ta matakai: daftarin farko, gyaran abokan aji, sannan daftarin ƙarshe, kuma kowane mataki yana iya samun nasa makin. Malami zai faɗi salon da yake so, MLA ko APA. A MLA, wanda bugunsa na 9 ya fito a 2021, ana rubuta sunan marubucin da aka ɗauko maganarsa da lambar shafi. A APA kuwa, suna da shekarar bugu ake sawa. Abin da aka saba nema shi ne rubutu samfurin Times New Roman mai girman 12, tazara biyu tsakanin layuka, da gefe na inci ɗaya.

Mai rubutu da waya ya kula sosai a nan. Abin da ya yi kyau a ƙaramin allo yana iya wargajewa a kwamfutar malami. Gara a rubuta a Google Docs ko Microsoft Word, a fitar da shi a .docx ko PDF, gwargwadon abin da aka nema. Fayil ɗin Pages na iPhone ba ya buɗewa kai tsaye a Word, kuma hoton rubutun hannu ba ya cikin lissafi. Bayan turawa, a sake buɗe fayil ɗin daga dandalin a tabbatar shi ne, sannan a ɗauki hoton allo mai nuna rana da lokaci. Idan akwai jarrabawar da ake sa wa ido ta kyamara, yawanci kwamfuta ake buƙata, don haka a tanadi ta aro tun da wuri.

Satar rubutu da ƙirƙirarriyar basira

Wannan ne laifin da ya fi tsada. Satar rubutu ta haɗa da kwafo jimla daga intanet ba tare da nuna mai ita ba, sauya 'yan kalmomi a rubutun wani, biyan wani ya rubuta, har ma da sake miƙa aikin da mutum ya taɓa miƙawa a wani kwas ba da izini ba. Hukuncin yana farawa daga sifili a jingar, ya kai faɗuwa kwas, har kora daga makaranta idan aka maimaita.

Makarantu da dama suna amfani da Turnitin, manhajar da ke gwada rubutun ɗalibi da shafukan intanet, mujallu, da ayyukan ɗaliban baya, ta fitar da kason kamanceceniya. Kason shi kaɗai ba hukunci ba ne, domin maganar da aka ɗauko bisa ƙa'ida ita ma tana shiga ciki. Malami ne ke dubawa ya yanke.

Tun fitowar ChatGPT a watan Nuwamba na 2022, silabas da yawa sun samu sabon sashe a kan ƙirƙirarriyar basira. Wani malamin ya haramta ta gaba ɗaya, wani ya yarda a nemi shawara da ita muddin an bayyana. Dokar kwas ɗaya ba ta aiki a wani. Manhajojin gyaran Turanci irin su Grammarly ma suna iya faɗawa cikin haramcin idan suka sake tsara jimloli. Kuma tunda na'urorin gano irin wannan rubutu suna yin kuskure, ɗalibi mai gaskiya yana buƙatar kariya. Google Docs yana adana tarihin duk sauye-sauyen da aka yi wa fayil, wanda zai nuna yadda muƙalar ta girma kwana bayan kwana. Wanda ya rubuta a wani wuri ya manna a dunƙule ba shi da wannan shaidar.

Yadda ake tuntuɓar malami

Imel ɗin makaranta ko akwatin saƙon dandali ake amfani da su, ba WhatsApp ba. Saƙon ya ƙunshi lambar kwas a kansa, gaisuwa gajeriya, cikakken suna, da tambayar kai tsaye, ba tare da taƙaita kalmomi irin na hira ba. Silabas takan faɗi tsawon lokacin jiran amsa, galibi kwana ɗaya ko biyu na aiki. Idan rashin lafiya ko rasuwa ta gitta, a nemi ƙarin lokaci kafin wa'adi ya cika. Malamin da aka sanar tun da wuri ya fi sauƙin sassautawa a kan wanda aka zo wa da bayani bayan mako guda.

Wanda ya riga ya yi rajista, aikinsa na yau shi ne buɗe silabas ya nemo amsar tambayoyi huɗu: agogon wane gari ake bi, mene ne hukuncin makara, wane nau'in fayil ake karɓa, kuma me aka ce game da ƙirƙirarriyar basira. Duk wadda bai samu amsarta ba, ya tura wa malami tambaya kafin jingar farko.