Yaɗon Katanga da Ƙurar Bakin Titi a Dayi

Tsirrai masu yaɗo irin su soso, garafuni da duma suna tare ƙura kafin ta faɗa tsakar gida. Ganyen soso da na duma suna da kaushi da gashi-gashi, ƙura na maƙalewa a jikinsu har sai ruwa ya wanke ta ƙasa. A shekarar 2012 masu bincike na Jami'ar Lancaster a Ingila sun ƙiyasta cewa lulluɓe bango da ganye a matsattsun tituna na iya rage ƙurar iska sosai. A Dayi, inda hanyar Gwarzo zuwa Kano ta haɗu da ta Funtuwa zuwa Yashe, gidajen bakin titi na shan hayaƙin manyan motoci, ga hazon hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi.

Wani gida a wannan layi ya isa misali. Uwargida ta shuka soso da garafuni a jikin darni, tana ba su ruwan wanke-wanke har cikin rani, saboda ɗanta mai fuka. Yaɗon ya rufe darnin ruf. Wanda ya shafa ganyen ɓangaren titi sai yatsansa ya yi ja, na ciki kuwa kore shar. Sai wani ɗan feshi, wanda ko takardar jikin kwalba bai iya karantawa ba, ya ce wa maigida ai wannan matattarar macizai ce. Ya zazzaga maganin ciyawa a tanki, ya fesa da rana tsaka, iska na kaɗawa, yara na wasa a gindin darnin, kaji na kiwo. Cikin 'yan kwanaki ganye ya ƙone ƙurmus. Ƙura ta dawo kan randa da shanya, tarin yaron ya tashi, kuɗin da aka biya ɗan feshi bai kai rabin na asibiti ba. Da malamin gona ya zo, babu abin da ya rage a ceta.

Maciji tarin shara da ɓeraye yake bi. A share gindin shuka, a kwashe karan da aka jibge. Ba a fesa maganin ciyawa a cikin gida.

Ba a barin yaɗo ya kwanta a jikin ginin ƙasa, domin yana riƙe danshi, yaɓe ya zube, gara ta samu hanya. Ana kafa masa sanduna ko waya kamar taku ɗaya daga katanga. Wanda aka bari ga ruwan sama kawai yakan bushe tun kaka, daidai lokacin da ake bukatarsa, don haka ban ruwa dole ne. Garafunin bakin titi a wanke shi sosai kafin ya shiga tukunya. Ɗan feshin da ba ya karanta takardar magani kuwa, kada a bar shi ya wuce zaure.