Cinikin Tsoffin Tsabar Kuɗi Ta Intanet: Yadda Ake Gane Na Jabu

Tara tsabar kuɗin mutanen dā sha'awa ce da ta zama hanyar ajiye dukiya a ƙasashe da dama. Alal misali, a shekarar 2011 an yi gwanjon wani dinarin zinariya na daular Umayyawa, bugun shekara ta 105 bayan Hijira, a birnin Landan kan fam miliyan 3.72. Sai dai duk inda riba ta yi yawa 'yan damfara ba sa nisa, musamman a intanet inda hoto kaɗai mai saye ke gani.

Jabu ba sabon abu ba ne a wannan fage. Wani Bajamushe mai suna Carl Wilhelm Becker, wanda ya mutu a 1830, ya ƙera tsabar Girkawa da Rumawa ta jabu har ta ruɗi masana na zamaninsa. Saboda haka wajibi ne mai saye ya lura da abubuwa huɗu.

Na farko shi ne nauyi. Dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fito da shi a shekara ta 77 bayan Hijira nauyinsa kimanin giram 4.25 ne, babbar tsabar azurfa ta birnin Atina mai hoton mujiya kuwa kimanin giram 17.2. Sai a nemi mai sayarwa ya faɗi nauyi da faɗi a rubuce, idan kaya ya iso a auna shi a sikelin maƙeran zinariya. Tsufa kan rage nauyi kaɗan, amma babban bambanci alamar algus ce.

Na biyu, yadda aka ƙera ta. Galibin tsabar dā bugawa aka yi da guduma tsakanin hatimai biyu, shi ya sa da wuya a sami biyu da suka yi daidai ta kowace fuska. Mai jabu kuwa sau da yawa zubi yake yi, wato ya narka ƙarfe ya zuba a kwarmi, kuma zubi kan bar layin haɗi a gefe, da ƙananan ramuka a fuska, da rubutu mai dushi-dushi. Don haka a dage sai an ga hoton gefen tsabar. Idan aka ga tsaba biyu masu siffa ɗaya da ƙarzuwa ɗaya a hannun mutane dabam-dabam, to a yi hattara.

Na uku, shekarar da ke jikin tsaba ba hujjar tsufa ba ce. Liyari, wato dalar azurfa mai hoton Sarauniya Maria Theresa ta Ostiriya, wadda fatake suka shigo da ita Borno da ƙasar Hausa, tana ɗauke da shekarar 1780, alhali an ci gaba da buga ta da wannan shekara har cikin ƙarni na 20 da bayansa. Yawancin waɗanda ake gani darajarsu ba ta wuce ta azurfarsu da yawa ba.

Na huɗu, asalin kayan da amincin dillali. A nemi takardar da ke nuna hannuwan da tsabar ta bi, domin ƙasashe da yawa sun hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba, kamar yadda yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta ƙarfafa. Har ila yau, dillalan da ke cikin ƙungiyar IAPN, wadda aka kafa a 1951, sun ɗauki alkawarin tabbatar da sahihancin abin da suka sayar. Kada a biya kuɗi ta hanyar da ba za a iya neman dawo da su ba.

Shawara ga sabon shiga ita ce ya fara da tsaba mai sauƙin kuɗi, kamar anini da kwabo mai huji na zamanin Turawa, har idonsa ya goge. Idan aka yi masa tallar dinari a farashin banza, sai ya tuna cewa araha ba ta ado, sayen nagari kuwa mai da kuɗi gida ne.